Shin agogon zamani zai iya auna ciwon jijiya bayan raunin laka?

Tambayar ta fito ne daga wani bawan Allah a Talatar Mafara. Ƙanensa ɗan kabu-kabu ne, mota ta kaɗe shi a hanyar Gusau wata 8 da suka wuce, ƙashin baya ya karye, laka ta taɓu. A takardar asibiti an rubuta T4, wato gaɓa ta huɗu a ƙashin baya na ƙirji. Daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya jin taɓi, ba ya motsa ƙafa, amma kusan kowane dare kuka yake yi ƙafafunsa suna ci da wuta. Wasu a gida sun fara cewa raki ne, wasu na cewa iska ce. Shi kuma yayan ya ji ana gwada agogon hannu mai auna bugun zuciya da barci a kan masu irin wannan rauni a ƙasashen waje, shi ne yake tambaya ko ya saya, don ya ga yawan ciwon da idonsa.

Malam, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Ni aikina fisiyo ne, masu raunin laka suna cikin mutanen da nake gani. Amsar a taƙaice: babu agogo, babu zobe, babu wani abin ɗaurawa a jiki da ke kasuwa yau wanda yake auna ciwo. Abin da suke aunawa shi ne bugun zuciya da motsi da ɗumin fata, wasu har da gumi. Ciwo yakan taɓa waɗannan abubuwa, amma ba su ne ciwon ba, kuma a jikin mai rauni a T4 alaƙar da ke tsakaninsu ta ƙara raunana. Agogon yana da ɗan amfani, zan zo kansa. Sai dai in manufar sayensa ita ce a raba gardama a gida, kada ka saya, domin zai iya ba da shaidar zur a kan yaron.

Gardamar nan ma ba ta buƙatar na'ura. Ciwon gaskiya ne, sananne ne, yana da suna a littattafan likitanci. A 2017 wasu masu bincike a Dublin sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka samu kimanin 53 cikin 100 na masu raunin laka suna fama da ciwon jijiya. Wato fiye da rabi. Tsarin da likitoci suka amince da shi tun 2012 ya raba shi gida biyu. Akwai wanda ke kama daidai wurin raunin, mutum ya ce kamar an ɗaure masa ƙirji da igiya, wani lokaci ko riga ba ya son ta taɓa wurin. Akwai kuma wanda ke ƙasa da raunin can nesa, a cinya ko ƙwauri ko tafin ƙafa, inda ko allura aka soka ba zai sani ba. Na biyun nan shi ne na ƙanenka, kuma sau da yawa ba ya zuwa a makonnin farko, sai bayan watanni, lokacin da 'yan dubiya suka ɗauke ƙafa, mutanen gida suka fara gajiya. Shi ya sa yake faɗawa a kunnen da bai shirya ji ba.

Ta yaya ƙafar da ba ta ji za ta yi zogi? Ciwon ba a ƙafar ake ƙera shi ba. Ƙwaƙwalwa da ragowar lakar da ke sama da raunin sun saba karɓar saƙo daga ƙafa dare da rana. Da saƙon ya yanke, ƙwayoyin jijiyar da ke jiransa sai su ƙara kaifi, su riƙa harbawa da kansu, birkin da ke danne su kuma ya yi rauni. Kamar rediyo ne in tasha ta ɓace ka ƙure murya: ba ka samun shiru, shuuu kake samu mai cika ɗaki. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da wurin da za ta jingina wannan hayaniya sai inda ta saba jin ta, wato ƙafa. Kalmomin da marasa lafiya ke faɗa kusan iri ɗaya ne ko daga ina suka fito: wuta, barkono, tsikarin allura, shokin ɗin lantarki, tafiyar cinnaka, sanyi mai ƙuna. Mutumin da bai taɓa karanta littafin likita ba, in ya kawo waɗannan kalmomi a jere, ba ƙirƙira yake yi ba. Akwai ma wata 'yar takardar tambayoyi mai maki 10 da Faransawa suka fitar a 2005, ana ce mata DN4, wadda galibinta waɗannan kalmomin take bi, in mutum ya samu maki 4 ko fiye a ce ciwonsa ya yi kama da na jijiya.

Yanzu ka ɗauki agogon ka juya bayansa. Za ka ga 'yar koriyar fitila tana ƙiftawa. Haskenta yana shiga fata, jinin da ke wucewa ya shanye wani ɓangare, ragowar ya dawo wa wani ɗan ido da ke gefenta. Duk bugun zuciya jini yakan ƙaru a wurin, hasken da ke dawowa ya ragu, daga nan agogon yake ƙirga bugu. Daga tazarar da ke tsakanin bugu da bugu kuma yake fitar da lambar da yake kira gajiya ko damuwa. A ciki akwai wani ɗan ma'aunin motsi, shi ke ƙirga taku, shi ne kuma ginshiƙin lissafin barci. Masu tsada, irin Fitbit Sense da ya fito a 2020 ko na kamfanin Empatica da masu bincike ke amfani da su, suna da ƙarfe da ke taɓa fata yana auna yadda gumi ke sauƙaƙa wa ɗan lantarki wucewa. Iyakar kayan ke nan. Babu ɗaya a cikinsu da yake leƙa laka ko ƙwaƙwalwa.

Tunanin masu binciken ba shirme ba ne. In ka ƙona lafiyayyen mutum ba zato, zuciyarsa za ta yi sauri, tafinsa ya jiƙe, numfashinsa ya canza. A jami'ar Ulm ta Jamus an tara mutum kusan 90 masu lafiya, aka riƙa ɗora musu ƙarfe mai zafi a hannu ana ɗaukar waɗannan alamu, kuma tarin bayanan nan shi ne ɗaya daga cikin waɗanda aka fi koya wa kwamfuta gane ciwo da su. Kwamfutar takan bambance babu ciwo da ciwo mai tsanani daidai gwargwado, gumin fata ne ma ya fi taimaka mata. Amma dubi sharuɗɗan: mutum lafiyayye, zaune a ɗaki mai sanyi, zafi na 'yan daƙiƙoƙi, kuma an san lokacin da aka kunna shi da lokacin da aka kashe. Ciwon ƙanenka ba shi da makunni. Yana nan tun safe, ya lafa, ya taso, wata da watanni. Jiki ba ya iya zama cikin firgici na wata 8, sai ya saba, bugun zuciya ya koma kusa da yadda yake, alhali wutar tana nan tana ci. Ga kuma abubuwa birjik da ke ɗaga bugun zuciya ba tare da ciwo ba: zazzaɓin cizon sauro, ƙishirwa, zafin rana, shayi mai kauri, goro, ɓacin rai, har da ƙoƙarin tashi daga gado zuwa keke.

Matsalar da ta fi wannan girma ta masu raunin laka ce su kaɗai. Saƙon da ke sa zuciya sauri da wanda ke sa gumi, ta cikin laka yake saukowa, ya fita ta gaɓoɓin ƙirji da na saman ƙugu, daga T1 zuwa L2. Na zuciya yana fita ne tsakanin T1 da wajen T5. Saƙon da ke rage gudun zuciya kuwa wata jijiya ce daban da ke saukowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa ta wuya, ba ta bi ta laka, don haka rauni ba ya taɓa ta. To ka ga inda T4 ya faɗa, daidai layin nono, a tsakiyar wannan mahaɗa. Wani ɓangare na hanyar yana aiki, wani ya yanke. Wanda rauninsa ke wuya kuma ya yanke gaba ɗaya, ko ya yi iyakar ƙoƙarinsa da wuya bugun zuciyarsa ya wuce 120 zuwa 130 a minti. Gumi ma haka, ƙasa da raunin ba ya zuwa yadda ya kamata, na hannu ma yana iya raguwa domin jijiyoyinsa daga saman ƙirji suke tasowa. Agogon da aka tsara lissafinsa a kan masu lafiyar laka zai dubi wannan jiki ya ce yana cikin natsuwa. Ka ƙaddara ƙarfe 2 na dare yaron yana cizon matashi, kai kuma ka duba waya ka ga bugu 68, alamar damuwa kore shar. Gobe da safe me za a ce a tsakar gida? Wannan shi ne abin da nake tsoro, kuma shi ya sa na ce maka kada agogo ya zama alƙali.

Masu neman alamar ciwo ta haƙiƙa sun fi karkata ga ƙwaƙwalwa, kuma a can an ɗan samu haske. A Gilasgo ta Sukotilan, Aleksandra Vuckovic da abokan aikinta sun yi amfani da hular wayoyi mai ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwa, wato EEG, a kan masu sabon raunin laka, suka nuna a 2018 cewa ana iya hango waɗanda ciwon jijiya zai kama nan gaba tun bai bayyana ba. Mutanen da aka gwada kaɗan ne. A 2023 wata tawaga a San Faransisko ta Amurka, ƙarƙashin Prasad Shirvalkar, ta dasa wayoyi a cikin ƙwaƙwalwar mutum 4 masu daɗaɗɗen ciwo, suka koma gidajensu suna rayuwa, na'urar tana ɗaukar bayani, kuma aka iya hasashen tsananin ciwonsu daga wani sashe na gaban ƙwaƙwalwa. Uku daga cikinsu ciwon da ke biyo bayan shanyewar ɓarin jiki ne, ɗaya na ƙafar da aka yanke. Mutum 4, da tiyatar kai. Abin da nake so ka lura da shi a nan: a duk waɗannan gwaje-gwaje, da me aka tabbatar na'urar ta faɗi daidai? Da bakin majinyacin. Ana tambayarsa ya ba ciwon maki daga 0 zuwa 10, sannan a duba ko kwamfutar ta cinko. Na'urar da ta fi kowace tsada a duniya, ƙoƙarinta ta kamo abin da ƙanenka zai gaya maka kyauta in ka tambaye shi ka kuma yarda. Wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Margo McCaffery, ta faɗa tun 1968 cewa ciwo shi ne duk abin da mai jin sa ya ce shi ne, kuma har yau a kan haka ake koyar da ma'aikatan lafiya.

To ina amfanin agogon? Amfaninsa yana wajen lokaci da mantuwa. Mai raunin laka daga Mafara ko Bakura ko Anka, in zai ga likita a Gusau ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, tafiya ce ta kuɗin mota da ɗaukar mutum da kekensa, ga halin da hanyoyinmu ke ciki. Yakan yi wata 2 ko 3 bai je ba. Ya shiga, a ce yaya jiki, ya ce da sauƙi, domin haka aka tarbiyyantar da mu mu amsa. In aka matsa, abin da zai tuna shi ne daren da ya fi muni da kuma daren jiya. Duk sauran kwanakin sun bi iska, kuma a kan wannan ɗan guntun labari likita zai ƙara magani ko ya rage. Abin da ke cike wannan giɓi shi ne rubutu na kullum. Agogo yana iya ƙara wa rubutun shaida biyu: sau nawa ya farka da dare, da kuma bugun zuciyarsa lokacin hutu daga dare zuwa dare.

Ga yadda nake tsara wa iyalai. Littafin makaranta mai shafi 40 da biro. Sau 3 a rana, a jingina da salla don kada a manta: bayan asuba, bayan azahar, bayan isha'i. Hannayensa suna aiki, shi zai rubuta da kansa, ba kai ba. Kowane layi ya ƙunshi makin ciwo daga 0 zuwa 10, wurin da yake, kalma ɗaya ta yadda yake ji, maganin da ya sha da lokacinsa. Sau ɗaya a rana a ƙara ko ya yi bayan gida, launin fitsari da warinsa, ko ƙafa ta yi ta fizga, da abin da ya yi a ranar, ko da zaman ƙofar gida ne da abokai. Layi ɗaya zai iya zama haka: asuba, 7, tafin ƙafa biyu, wuta, ban yi barci ba daga 1 zuwa 4, kwana 3 babu bayan gida. In akwai agogo, da safe a kwafi awannin barci da bugun hutu a gefen layin. Bayan mako 2 ka buɗe shafukan ka bi da yatsa. Sau da yawa abin da ke fitowa yana ba mutane mamaki: ciwon yana hawa ne a kwanakin da ciki ya ɗaure, ko kwana 2 kafin fitsari ya yi duhu zazzaɓi ya biyo, ko ranakun da ya wuni kwance shi kaɗai a ɗaki. Waɗannan abubuwa ne da ake iya gyarawa ba tare da an ƙara ƙwaya ko ɗaya ba.

Kada a wuce sau 3, kuma kada a mai da shi aikin har abada. Mutumin da ake tambaya kowace awa yaya ciwon, hankalinsa ba zai bar kan ciwon ba, kuma sa ido a kan ciwo yana ƙara masa ƙarfi. Mako 2 kafin ganin likita, da mako 3 ko 4 bayan an canza magani, ya wadatar.

Lissafin barcin agogo kuma a riƙe shi da hannu biyu. Mafi yawansa daga motsi yake, in hannu ya daɗe bai motsa ba sai ya rubuta barci. Ko a kan masu lafiya an san waɗannan na'urori da ƙara wa mutum barcin da bai yi ba. To bare wanda ba ya iya juyi da kansa, yana kwance ido biyu yana kallon rufi, ya ƙi motsi don kada ya tada wanda ke kwana kusa da shi. Agogo zai ba shi awa 8 cif. In littafi ya ce bai yi barci ba, agogo ya ce ya yi, littafi ne da gaskiya. Bugun hutu ya fi zama abin dogaro, musamman da dare da hannu ke wuri ɗaya. In ya saba zama wajen 70 sai ka ga dare 2 a jere ya haura 85, ba ciwon jijiya agogon ya gano ba, amma ya gaya maka ka ɗauko ma'aunin zafin jiki, ka duba fitsari, ka juya shi ka duba ɗuwawu da dunduniya ko gyambon kwanciya ya fara. Ga mutumin da ba ya jin rabin jikinsa, wannan gargaɗi ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma abubuwan da masu ƙera na'urorin ba su yi lissafi da mu ba. Zafin Maris da Afrilu a Zamfara yakan haura digiri 40, kuma mai raunin laka ba ya iya sanyaya jikinsa da gumi yadda ya kamata, don haka bugun zuciya da ɗumin fata za su bi yanayin ɗaki ne. Da hunturu fata ta bushe, ma'aunin gumi ya rikice. Ƙirgar taku ba ta da ma'ana ga mai keke. Apple ya sa tsarin ƙirga turin keke a agogonsa tun 2016, amma yawancin masu araha da ke kasuwanninmu ba su da shi. Koren haske yana shan wahala in agogon ya yi sako-sako ko hannu yana aiki, kuma baƙar fata tana shanye koren haske fiye da fara, don haka a ɗaure shi ya zauna sosai, yatsa ɗaya sama da ƙashin wuyan hannu. A hannu kawai. Kada a ɗaura komai a ƙafa ko wani wuri da ba ya ji, domin madauri zai iya cin fata bai sani ba. Sai caji, sai kuma intanet. Duk wanda ke jihar nan a Satumbar 2021 ya san yadda aka rufe layukan waya gaba ɗaya na tsawon makonni. Manhajar da ba ta nuna maka bayananka sai ta hau intanet ba ta dace da mu ba. Littafi ba ya neman sabis.

Wani abu kuma da ke ba ni haushi: agogunan da ake tallatawa wai suna auna hawan jini da sukari daga wuyan hannu. A Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fito fili ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke auna sukari ba tare da huda fata ba. Na hawan jini a masu arahar nan ma, ka ɗaura wa mutum uku ka ga lambobin kusan ɗaya. Ga ƙanenka wannan ba wasa ba ne, saboda dalilin da zan faɗa yanzu, wanda a wurina ya fi duk maganar agogo muhimmanci.

Duk wanda rauninsa ke T6 ko sama, kuma T4 yana sama, yana cikin haɗarin wani hawan jini na farat ɗaya da likitoci ke taƙaita sunansa da AD. Wani abu yana damun jiki a ƙasa da raunin, galibi mafitsara ta cika saboda robar fitsari ta toshe ko ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinya, ko bayan gida ya taru, ko gyambo, ko wando ya matse, ko farce ya shige nama. Shi ba ya ji. Amma lakar da ke ƙasa tana ji, sai ta matse jijiyoyin jini, kuma umarnin ƙwaƙwalwa na a sassauta ba ya iya ratsa raunin. Jini ya hau cikin mintuna. Alamunsa ciwon kai mai sara, gumi a fuska da wuya, toshewar hanci, ganin dishi-dishi, tsigar jiki ta tashi. Bugun zuciya kuwa sau da yawa raguwa yake yi, don haka agogo zai nuna lamba mai kwantar da hankali a daidai lokacin da ake cikin haɗari. Masu irin wannan rauni jininsu na yau da kullum yakan zauna ƙasa, lambar sama tsakanin 90 da 110, saboda haka hawan 20 zuwa 40 a kan abin da ya saba ya isa a kira shi AD. Ma'ana 140 da wani zai ce lafiya lau, a wurinsa gargaɗi ne. In an bar shi yana iya kawo farfaɗiya ko zubar jini a ƙwaƙwalwa.

In ya faru, a zaunar da shi bayansa a miƙe, a sauke ƙafafu ƙasa, kada a kwantar. A sassauta duk abin da ya ɗaure jiki. A bi robar fitsari da hannu daga jiki har jaka, a warware lanƙwasa, a zubar da jakar in ta cika. A riƙa awon jini kowane minti 2 zuwa 5. In an gyara abin da ya jawo, jinin yakan sauka nan take. In bai sauka ba, asibiti mafi kusa, kuma a faɗa musu da baki cewa mai raunin laka ne a T4 ana zargin AD, domin ba kowane ma'aikaci ne ya saba ganin sa ba. Don haka in kuɗin abu ɗaya gare ka, na'urar awon jini ta dantse mai batir za ka saya, da ma'aunin zafin jiki. Ku auna shi da safe yana cikin natsuwa na 'yan kwanaki, ku rubuta lambar a bangon littafin da manyan baƙi, kowa a gidan ya san ta.

Ba ka tambayi magani ba, amma ba zan wuce ban taɓa shi ba, tunda don shi ake duk wannan rubutu. Farasitamol da dikulofenak da ibuprofen ba sa yi wa irin wannan ciwo wani abin kirki, kuma biyun ƙarshe in aka daɗe a kansu suna cin ciki da ƙoda, ga shi ƙodar mai robar fitsari abar tattali ce. Waɗanda jagororin likitoci suka sa a sahun farko su ne pregabalin da gabapentin da amitriptyline. Pregabalin ya samu amincewar hukumar Amurka don wannan ciwo takamaimai a 2012, bayan gwaje-gwaje da suka haɗa da wanda aka yi a Ostireliya aka buga a 2006. Ana farawa da kaɗan, a hau a hankali cikin makonni, ba a kuma yanke shi rana ɗaya. Yana sa jiri da barci da kumburin ƙafa. Amitriptyline yana busar da baki, yana ɗaure ciki, yana rage gumi, yana kuma ɗaga bugun zuciya, abin da zai sa agogo ya ce damuwa ta ƙaru alhali mutum ya samu sauƙi. Likita ne zai zaɓa, ba mai kemis ba. Tiramol kuwa ka san ɓarnar da ya yi wa matasanmu. Wanda doka ta amince da shi a Najeriya mai miligiram 50 ne da mai 100, mai 225 da ke yawo a tasha haramtacce ne, kuma yaro mai ciwo da baƙin cikin rasa ƙafafu da sana'a yana cikin waɗanda ya fi saurin kamawa. Pregabalin ɗin ma ana shaye-shayensa, don haka ya zauna a hannun babba a gida.

Ku kuma san abin da ake kira nasara, don kada ku yar da maganin da ke aiki. Da wuya ciwon jijiya ya tafi gaba ɗaya. A ma'aunin masu bincike, raguwar kashi 30 cikin 100, wato kamar daga 7 zuwa 5, ana ɗaukarsa sauƙi na gaske. Ba littafi, mutum ba zai lura da wannan ba, zai ce har yanzu yana ciwo, kuma gaskiya ya faɗa. Da littafi za a ga makin isha'i ya sauka, farkawar dare ta koma sau 2 maimakon 5, ya fara yarda a fitar da shi waje da yamma. Wannan na ƙarshen ina ba shi nauyi fiye da lambobin. In ka ga ya daina cin abinci, ya daina magana, ko ya fara cewa gara mutuwa, ka faɗa wa likita a ranar, kada a bar shi a kan sai haƙuri kawai, domin baƙin ciki da ciwon jijiya suna ciyar da juna kuma duka biyun ana maganinsu.

Abu ɗaya da ba a jira ranar asibiti a kansa: in ciwon ya sauya hali, ya fara hawa sama da layin nono, ko hannu ya fara sagewa ko rasa ƙarfi, ko yatsu suka daina bambance ruwan zafi da na sanyi. Wani lokaci ruwa yakan taru a cikin lakar ya yi rami da ke miƙewa sama, watanni ko shekaru bayan haɗarin, kuma hoton MRI ne ya fi nuna shi. Wannan aikin likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ne, kuma akwai su a Sakkwato. Ku tafi da littafin, da takardun asibitin farko, da kwalayen duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya.